FASHIN BAƘI: Abin da ɗigon fitsari ke shaida wa madubin likita game da lafiyar ƙoda

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da asibitin tarayya na Azare. Mutane da dama sun yi maraba da wannan rangwame, kuma ya cancanci maraba. Sai dai lissafi ba ya jin kunya. Ƙa'idar wankin ƙoda sau uku ce a mako, wato naira 144,000 a wata ko da a sabon farashin, alhali mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Wankin kuma ba ya warkar da ƙodar da ta riga ta mutu, aikinta kawai yake ari na 'yan kwanaki.

Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yadda za a gano cutar tun ƙoda na da sauran ƙarfi. Wani ɓangare na amsar yana cikin wani tsohon gwaji mai araha, wanda ba ya buƙatar allura ko tiyata: a tace fitsari, a ɗiga abin da ya kwanta a gindinsa a kan gilashi, a duba da madubin likita, na'urar nan mai girmama ƙananan abubuwa da ake kira maikuroskof. Wannan maƙala bayani ce a kan yadda ake yin gwajin, da abin da ake gani, da ma'anarsa, da kuma inda iyakarsa take.

Me ya sa fitsari ke ɗauke da labarin ƙoda?

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya da ake kira nefron. Kowane nefron kashi biyu ne. Akwai wani dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini mai aikin rariya, wanda likitoci ke kira gulomerulus, sannan akwai wani siririn bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke biye da shi. A kowace rana waɗannan rariyoyi suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, kusan cikin duro guda. Bututun ne ke mayar da mafi yawan ruwan da gishiri da sukari cikin jiki, ya bar lita ɗaya zuwa biyu su fita a matsayin fitsari.

Lafiyayyar rariya ba ta barin ƙwayoyin jini da manyan sinadaran furotin su wuce. Idan ta kumbura ko ta yage, sai su tsallake. Idan kuma bangon bututun ne ya ji rauni, ƙwayoyin da ke lulluɓe da shi sai su ɓanɓaro su bi ruwa. Haka nan duk abin da ya faru a hanya, daga ƙoda zuwa mafitsara zuwa waje, yana barin sawu. Waɗannan abubuwa sun fi ruwa nauyi, don haka sukan kwanta a ƙasa kamar yadda gwiɓa ke kwantawa a gindin ƙwarya. Wannan gwiɓar fitsarin ita ake dubawa.

Daga ido zuwa madubi

Duban fitsari ya girmi madubin likita da ƙarnoni. A birnin Ƙairawan na ƙasar Tunisiya ta yau, likita Ishaƙ al-Isra'ili ya wallafa littafi sukutum a kan fitsari, Kitab al-Baul, wajen ƙarni na 10. Ibn Sina ma, a cikin Al-Ƙanun, ya yi bayanin launinsa da kaurinsa da warinsa da kumfarsa da abin da ke kwantawa a ƙasansa. Duk da ido suka yi.

A 1827 Richard Bright na Asibitin Guy's da ke Landan ya nuna alaƙar da ke tsakanin kumburin jiki, furotin a fitsari, da lalacewar ƙoda. Shekaru goma bayan haka, Pierre Rayer da almajirinsa Eugène Vigla suka fara sanya gwiɓar fitsarin majinyata ƙarƙashin madubi a birnin Paris. A shekarun 1920 Thomas Addis na Jami'ar Stanford da ke Amurka ya tsara hanyar ƙidaya abubuwan da ake gani, ya kuma mayar da duban wani ginshiƙi na bibiyar ciwon ƙoda. Abin lura shi ne, kayan aikin da suka yi amfani da su ba su bambanta sosai da waɗanda ke ɗakin gwaji na babban asibitin ƙaramar hukuma a yau ba.

Yadda ake gwajin

Aikin yana farawa ne tun daga wurin majinyaci. An fi son fitsarin safe saboda ya fi kauri. Ana wanke gaba da ruwa, a bar fitsarin farko ya zube, sannan a tari na tsakiya a cikin kwalba mai tsabta. Mace mai al'ada ta jira ta gama idan babu gaggawa, domin jinin al'ada kan rikita sakamako.

Lokaci na da muhimmanci ƙwarai. Ya kamata a duba fitsarin kafin ya yi awa biyu. Idan ya daɗe a ajiye, musamman a zafi irin na bazararmu, ƙwayoyin cuta na hayayyafa a ciki, su sauya ɗabi'arsa daga mai tsami zuwa mai kanwa, sai ƙwayoyin jini su farfashe, sauran shaidu su narke. Kwalbar da aka kawo da ƙarfe takwas aka duba da la'asar tana iya ba da sakamakon “lafiya lau” ga mutumin da ƙodarsa ke ci da wuta.

A ɗakin gwaji, akan zuba mililita 10 zuwa 12 a wani bututu mai tsinin gindi, a sa shi a na'urar juyi mai suna santirifuj na kimanin minti 5, a gudun da bai wuce juyi 1,500 zuwa 2,000 a minti ba. Gudun da ya wuce kima yana farfasa abin da ake nema. Sai a tsiyaye ruwan sama, a bar kimanin rabin mililita, a kaɗa a hankali, a ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɗan gilashi, a rufe da wani mafi siranta.

Ana fara dubawa da ƙaramin ido, wanda ke girmama abu sau 100, don neman manyan abubuwa, musamman ta gefen murfin gilashin inda sukan taru. Sannan a koma babban ido mai girmamawa sau 400 don tantance ƙwayoyi da ƙidaya su. Akan duba aƙalla fili goma a ɗauki matsakaici. Wannan shi ne ma'anar haruffan HPF da mai karatu zai gani a takardar sakamako: adadin da aka gani a kowane fili na babban ido. Wata dabara da gogaggun ma'aikata suka sani ita ce rage hasken fitila, domin da yawa daga abubuwan da ake nema garai-garai suke, haske mai ƙarfi kan shafe su.

Jajayen ƙwayoyin jini: daga ina suka fito?

Jar ƙwayar jini ƙarama ce, faɗinta kimanin maikiron 7, wato kashi 7 cikin 1,000 na milimita, kuma ba ta da cibiya. Ganin ɗaya ko biyu a fili ba abin damuwa ba ne. Daga uku zuwa sama, ana ɗaukar cewa akwai jini a fitsari ko da ido bai gan shi ba.

Tambayar da ke biye ita ce tushen jinin, kuma nan ne madubi ke nuna fifikonsa. A 1979 likitoci biyu a birnin Melbourne na Ostiraliya, Birch da Fairley, suka nuna cewa siffar ƙwayar tana faɗin inda ta fito. Wadda ta zubo daga mafitsara ko hanyar fitsari, sanadin tsakuwa ko ƙari ko tsargiya, takan fito da kamanninta, zagayayya kamar sauran 'yan'uwanta. Wadda kuwa ta kutsa ta yagaggiyar rariyar ƙoda, ta bi dogon bututu mai sauyin gishiri da tsami, takan fito a murɗe. Mafi shahara a cikin irin waɗannan ita ce mai kama da zobe da 'yan ƙulluka a jikinsa, wadda ake kira akantosait. Idan irinta ta kai kashi 5 cikin 100 na jajayen ƙwayoyin da aka gani, hankali yakan karkata ga ciwon rariyar ƙoda.

Wannan bambanci shi ke yanke hukuncin ƙofar da majinyaci zai bi. Na farko likitan tiyatar mafitsara zai gani, a yi masa hoto ko a leƙa mafitsararsa. Na biyu kuwa likitan ƙoda yake buƙata. Dattijon da ya ga jini a fitsari ba tare da zafi ba, musamman mai shan taba, bai kamata a sallame shi da maganin “sanyi” ba, domin haka sankarar mafitsara kan fara.

Akwai kuma lokacin da tsinken gwaji, ɗan takardan nan da ake tsomawa a fitsari ya sauya launi, zai nuna jini amma madubi bai ga ƙwaya ko ɗaya ba. Wannan saɓani shi kansa bayani ne. Yana iya nufin jajayen ƙwayoyin sun farfashe a cikin jiki, kamar yadda kan faru a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko kuma tsoka ce ta dagargaje, kamar bayan mummunan duka ko haɗari. Duka biyun suna iya toshe ƙoda cikin 'yan kwanaki.

Fararen ƙwayoyi da batun “sanyi”

Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarun jiki. Sun ɗan fi jajayen girma, jikinsu na da ɗige-ɗige, cibiyarsu a rarrabe. Su ne ake rubutawa a matsayin ƙwayoyin mugunya a takardar sakamako. Har zuwa biyar a fili ana ɗaukarsa daidai.

A nan ne ake yawan samun ruɗani. Kalmar “sanyi” ta zama buhun da ake zuba kowane ciwo na mara da gaba a ciki, kuma mutane da yawa na shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta don kawai takarda ta nuna ƙwaya biyu ko uku. Wannan asarar kuɗi ce, sannan tana koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani. Madubi na iya rage wannan ɓarna. Idan fararen ƙwayoyi sun yi yawa, ga ƙwayoyin bakteriya, ga kuma zafin fitsari, hujjar kamuwa ta yi ƙarfi, sai a shuka fitsarin a gano irin ƙwayar da maganin da ke kashe ta. Idan kuwa filin cike yake da manyan ƙwayoyin fata masu faɗi kamar ɓawo, alama ce ta cewa fitsarin ya gauraya da dattin waje lokacin tara, sai a sake kawo wani.

Wani lokaci fararen ƙwayoyi kan yi yawa amma shuka ba ta fitar da komai ba. Wannan kan faru ga wanda ya riga ya sha magani kafin gwaji, amma kuma yana iya zama alamar tarin fuka da ya kama ƙoda, ko tsargiya, ko wasu cututtukan saduwa, ko kumburin ƙoda sanadin magani. Maimaita ƙwayoyin “sanyi” ga irin wannan majinyaci ɓata lokaci ne.

Ƙwayoyin bango

Duk hanyar fitsari a lulluɓe take da ƙwayoyi kamar yadda ake yaɓe ɗaki. Na bakin hanya su ne masu faɗin da aka ambata. Na mafitsara matsakaita ne, kuma ganin kaɗan daga cikinsu ba matsala ba ce. Waɗanda suka fi ɗaukar hankali su ne ƙwayoyin bututun ƙoda: sun ɗara farar ƙwaya girma, suna da cibiya ɗaya babba zagayayya. Yawansu na nufin bututun ya ji rauni yana zubar da yaɓensa.

Zubi: shaidar da ƙoda kaɗai ke bayarwa

Mafi daraja a duk abin da ake nema shi ne wani abu mai siffar guntun kara, dogo mai gefe biyu a miƙe, wanda likitoci ke kira kast. A Hausa za a iya ce masa zubi, domin yadda yake samuwa daidai yake da zubin bulo: ana cika ma'auni da kwaɓi, ya daskare, ya fito da siffar ma'aunin. Ma'aunin a nan bututun ƙoda ne. Kwaɓin kuma wani furotin ne da bututun ke fitarwa da kansa, wanda Igor Tamm da Frank Horsfall suka gano a birnin New York a 1950, ake kuma kiransa yuromodulin a yau. Idan fitsari ya yi kauri da tsami, gudunsa ya ragu, furotin ɗin sai ya daskare, ya kama duk abin da ke cikin bututun a wannan lokaci, daga baya ruwa ya turo shi waje.

Hikimar ita ce, zubi ba ya samuwa a mafitsara ko a hanyar fitsari. A ƙoda kawai yake haɗuwa. Don haka duk abin da aka gani a cikinsa, daga ƙoda ya fito babu tantama.

Zubi garai. Shi ne furotin zalla, ba komai a ciki, kuma shi ya fi wuyar gani. Ɗaya ko biyu a filin ƙaramin ido ba cuta ba ce. Yakan ƙaru bayan motsa jiki mai tsanani, ko zazzaɓi, ko ƙishirwa.

Zubin jajayen ƙwayoyi. Wannan kusan hatimi ne na kumburin rariyar ƙoda, kuma ko ɗaya aka gani ya isa a tashi tsaye. Misali sananne shi ne yaron da ya yi ciwon maƙogwaro, ko ƙazuwar da ta yi ruwa, bayan mako ɗaya zuwa shida fuskarsa ta kumbura, fitsarinsa ya koma launin shayi, jininsa ya hau. Garkuwar jikinsa ce, a yaƙinta da ƙwayar sitireptokokus, ta illata rariyar. A wuraren cunkoso inda ƙazuwa ke yawo, kamar sansanonin 'yan gudun hijira da makarantun kwana, wannan abu ne da ya kamata ma'aikacin lafiya ya sa a ransa. Mafi yawan yaran suna warkewa idan an kula da hawan jinin da kumburin a kan kari. A wurin 'yan mata da matan aure kuwa, irin wannan zubi na iya zama alamar farko ta cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juya wa mai ita.

Zubin fararen ƙwayoyi. Yana nuna cewa kumburin a cikin ƙoda yake. Ko dai ƙwayar cuta ta hau daga mafitsara zuwa ƙoda, ko kuma wani magani ne ya tayar da kumburi a naman ƙodar. Magungunan kashe raɗaɗi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda leburori da manoma da 'yan acaɓa ke sha kamar gyaɗa bayan aikin yini, suna cikin masu haddasa hakan.

Zubi mai tsaki-tsaki. Ƙwayoyin da suka rududduge ne a ciki. Idan ya yi duhu kamar laka, ya kuma yi yawa tare da ƙwayoyin bututu, alama ce ta cewa bututun ƙoda ya mutu farat ɗaya. Sanadin yakan kasance rashin isar jini ga ƙoda ko kuma guba: zubar jini bayan haihuwa, kwalara, zazzaɓi mai tsanani, saran kububuwa, ko wasu jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Tsakanin 2008 da farkon 2009 yara aƙalla 84 sun rasu a Najeriya bayan shan maganin haƙori na My Pikin da ya gurɓata da sinadarin dayetilin gilaikol, wanda ke kashe bututun ƙoda. Muhimmancin wannan zubi a gadon asibiti babba ne. Majinyacin da fitsarinsa ya ɗauke saboda ƙarancin ruwa kawai, ƙarin ruwa zai farfaɗo da shi. Wanda bututunsa ya riga ya mutu kuwa, ɗura masa ruwa ba lissafi na iya cika masa huhu. Labari mai daɗi shi ne bututun yakan sake tsirowa cikin makonni idan an riƙe majinyacin da kyau.

Zubi mai kitse. Idan rariya na zubar da furotin mai yawa, kitse ma yakan biyo. Majinyacin kan zo da kumburin ƙafa da fuska, da fitsari mai kumfa. A ƙarƙashin madubi mai tace haske, ɗigon kitsen yana haskawa da siffar gicciye mai hannu huɗu. Ciwon sukari, ciwon hanta nau'in B, cutar HIV, da man bilicin mai ɗauke da sinadarin makuri duk suna cikin abubuwan da kan kai ga wannan hali.

Zubi mai kama da kakin zuma, da mai faɗi. Wannan santsi gare shi, gefensa a tsattsage, bakinsa a gutsure. Faɗinsa na nufin bututun da ya fito daga ciki ya buɗe saboda lalacewa, gudun fitsari kuma ya ragu ƙwarai. Ana danganta shi da ciwon ƙoda da ya yi nisa.

Ƙwan tsargiya

A yankunanmu akwai abin da madubi ke kamawa wanda likitan Turai zai yi shekaru bai gani ba. Tsutsar tsargiya, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana rayuwa a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ƙwai da ke huda bango su fita da jini. Ƙwan babba ne, tsawonsa maikiron 110 zuwa 170, da ƙaya guda a ƙarshensa, don haka ba ya ɓuya. An fi samunsa a fitsarin da aka tara tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, musamman ɗigon ƙarshe. Ƙwai 50 ko fiye a mililita 10 na nufin kamuwa mai tsanani.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, kuma tana bin tafkuna da madatsun ruwa da gonakin rani, inda dodon koɗin da ke rainon tsutsar yake. A wasu ƙauyuka fitsarin jini ya zama ruwan dare har ana ɗaukarsa alamar balagar yaro. Ba haka ba ne. Tsargiyar da aka bari shekaru tana iya toshe hanyar da ke tsakanin ƙoda da mafitsara har ƙoda ta lalace, kuma tana cikin sanannun musabbaban sankarar mafitsara. Maganinta, praziquantel, ana shan sa ne a rana ɗaya.

Duwatsu da masu ruɗar ido

Ana kuma ganin ƙananan duwatsu masu siffofi daban-daban. Mai kama da ambulan na wasiƙa na kalsiyam okzalet ne, wanda lafiyayyu ma kan fitar. Mai kama da murfin akwati yakan zo da wasu ƙwayoyin cuta masu mayar da fitsari mai kanwa. Mai kusurwa shida kuwa, na sistin, kullum alamar wata cutar gado ce mai haifar da tsakuwa.

Akwai kuma masu yaudara. Ƙwayar yis tana kama da jar ƙwayar jini, sai dai tana tsiro da 'ya a gefe, kuma ɗigon ruwan khal yana fasa jar ƙwaya ya bar ta. Zaren tufafi yana kama da zubi. Kumfar iska da garin hoda ma suna ruɗar sabon hannu. Shi ya sa ingancin gwajin ya rataya a kan idon mai dubawa. Manyan ɗakunan gwaji na da na'urori masu ƙidaya da kansu, kuma sun fi mutum sauri wajen ƙirga jajaye da fararen ƙwayoyi, amma wajen rarrabe nau'o'in zubi har yanzu ƙwararren ido ake komawa.

Inda madubi ke tsayawa

Tsabtatacciyar gwiɓa ba takardar shaidar lafiyar ƙoda ba ce. Hawan jini da ciwon sukari, waɗanda su ne manyan masu kashe ƙoda a duniya, sukan yi ɓarnarsu shekaru ba tare da barin wani abin kirki a ƙarƙashin madubi ba. Ana kama su ne ta awon jini, awon furotin a fitsari, da gwajin sinadarin kiriyatinin a jini, wanda ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda.

Haka nan akwai wani ciwon ƙoda da ba a tabbatar da musabbabinsa ba, wanda ya addabi manoman shinkafa a Siri Lanka da masu saran rake a Nikaraguwa da El Salbado. Masu shi ba su da sukari, furotin ɗin fitsarinsu kaɗan ne, gwiɓarsu kuma sau da yawa ba ta nuna abin a zo a gani. Wannan darasi ne ga Gashuwa da sauran garuruwan da ke gaɓar kogin Komadugu Yobe, inda aka daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda, har gwamnatin Yobe ta ɗauki nauyin bincike ta hannun cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. A irin wannan bincike, rashin ganin jini da zubi shi ma shaida ne, domin yana kawar da zargi daga rariya ya mayar da shi kan bututu da naman ƙoda. Amma gangamin gwaji da ya tsaya ga fitsari kaɗai zai sallami marasa lafiya da yawa a matsayin lafiyayyu.

Siyasar ɗakin gwaji

A 2021 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa kashi 47 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samun gwaje-gwajen asibiti yadda ya kamata, kuma giɓin ya fi faɗi a matakin farko na kiwon lafiya. Abin da wannan gwaji ke buƙata bai taka kara ya karya ba: madubi, na'urar juyi, gilasai, wutar da ƙaramin faifan sola zai iya bayarwa, da ma'aikacin da aka horar aka kuma biya shi albashi. Na ƙarshen shi ya fi wuyar samu, kuma shi ne ba a yanke masa kirtani a gaban kyamara.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, abin alfahari ne. Amma mafi yawan majinyata suna isa irin waɗannan manyan asibitoci ne bayan aski ya zo gaban goshi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga asusun kiwon lafiya a matakin farko. Tun 2001 kuma shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja na ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Hukumar MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke da alhakin yi wa masanan gwaje-gwaje rajista da sa ido a kan ɗakunan gwaji.

Waɗannan su ne madogarar duk matashin da ke son bin diddigi. Asibitin mazaɓarku yana da madubi mai aiki? Akwai ma'aikaci mai rajista, ko kuwa na'urar na kulle a sito? Awa nawa fitsari ke yi kafin a duba shi? A kasafin jiharku, nawa aka ware wa injinan wanki, nawa aka ware wa gano cuta da wuri? Yaushe rabon da a raba maganin tsargiya a makarantun da ke bakin ruwa?

Ga mai karatu kuma, alamomin da ba a jinkiri a kansu sanannu ne: jini a fitsari, fitsari mai launin shayi, kumfar da ba ta kwantawa, kumburin fuska da safe, ko raguwar fitsari farat ɗaya. Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai sikila, da wanda ke da ciwon ƙoda a danginsa, ya dace su riƙa gwajin fitsari da na jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan an karɓi sakamako, a kai wa likita ya haɗa shi da sauran alamomi kafin a sayi ko da ƙwaya ɗaya a kemis.